Zauren da Ba Shi da Ƙyaure, Shekara Bakwai Bayan Baffa Sambo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Sambo, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar tatsitsiya bayan Allah ya karɓi ran ƙaninsa. Na zauna da niyyar in rubuta masa irin abin da ake rubuta wa mamaci, in ce mutumin kirki ne, mai zumunci, mai haƙuri, in roƙa masa gafara in ajiye alƙalami. Duk gaskiya ne in ban da haƙurin, don Baffa akwai faɗa. To amma makon jiya na je gida Ƙauran Namoda wajen sadakar tuwon da matarsa, Inna Ige, take yi masa duk kaka idan sabon gero ya shigo. Ina sa ƙafa a zaure na yi kiciɓis da ƙyauren ƙarfe jingine da bango, sabo fil, da jan fenti a jikinsa. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Saboda haka masu karatu su yi mini afuwa, waiwayen nan ba mai daɗi ba ne.

Wanda bai san Ƙaura ba zai ce mene ne abin tashin hankali a ƙyaure. Ai kowane gida da nasa. To namu ba shi da shi, kuma da haka aka san shi. Gidan sunansa Soron Alƙali, amma ka tambayi direban Shinkafi ko na Zurmi, zai ce maka Zaure Buɗe. Da shi ake kwatance a unguwar. Ana cewa in ka wuce Zaure Buɗe ka yi dama, ko mu haɗu a Zaure Buɗe bayan la'asar. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, mutum biyu za su zauna a kan faɗin bangon ba su takura ba. Daga ciki rufin baka ne da azara, sanyi ƙalau ko da rana ta take. Kakan kakanmu ne ya gina shi tun kafin zuwan Turawa, lokacin yana alƙalanci. A gefen ƙofar har yau akwai rami biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, inda ƙyauren farko yake juyawa. A ramin saman Baffa yake ajiye goronsa, mu kuma yara muna ɓoye gyaɗa a na ƙasan.

Muna yara mun ɗauka don baƙi aka cire ƙyauren. Ba laifinmu ba ne, abin da muka gani ke nan. A Ƙaura layin dogo ya ƙare, jirgi yana sauke mutane sai su rasa wurin kwana kafin su sami motar gaba. Masu zuwa kasuwar Shinkafi, masu wucewa Zurmi, Buzaye masu komawa arewa da sukari da yadi, duk a zaurenmu suke shimfiɗa. Akwai randa a ƙofa, akwai tabarmi a naɗe. A lungun hagu kuma, inda haske bai cika kaiwa ba, kullum akwai damin gero a jingine. In ya ƙare a sa wani. Ba a ba kowa, ba a kuma hana kowa. Dokar gidan ita ce, in ka shigo ka tarar da mutum a lungun nan, ka kau da kai ka wuce kamar ba ka gan shi ba.

Ranar da na ji ainihin dalilin, Yaya Bello ne ya jawo. Shi ne babban ɗan Baffa, ya girme ni da kaɗan, tare muka tashi a ɗakin Inna Ige. Wata rana da hantsi muna dawowa daga makarantar allo ya hangi wani mutum yana fitowa daga zaure da dami a ka, yana sauri yana waige-waige. Sai Yaya ya buɗe baki ya kwarma ihu, ɓarawo! Mutumin ya saki damin ya daskare a wurin. Ban taɓa ganin Baffa ya fito daga gida ba hula ba sai ranar. Ya kama kunnen Yaya ya murɗa har sai da ya durƙusa, sannan ya sa shi ya ɗauki damin a kansa ya bi mutumin da shi har inda ya ɗaure jakinsa a bakin kasuwa. Da ya dawo yana shessheƙa, Baffa ya zaunar da mu biyu a dokin ƙofa ya ba mu labarin.

Ya ce kakan nan namu an taɓa kawo masa wani mutum a shekarar yunwa, ya fasa rumbun wani ya kwashi hatsi. Shaidu suka cika, mutumin bai musa ba, rumbun a liƙe yake ya fasa. Alƙali ya duba ta ko'ina bai sami mafita ba, ya yanke hukunci, aka cire hannun. Ba wanda ya ce ya yi zalunci, shi ma bai ce ba. Amma da ya dawo gida ya kasa cin abinci. Washegari ya kira bayin gida da 'ya'yansa ya ce a ciro ƙyauren zaurensa a faskara a yi girki da shi, a kuma kawo dami daga rumbunsa a jingine a lungu. Baffa ya ce mana, shari'a ba ta taɓa hannun mutum sai ya ɗauki abu daga inda aka killace shi, abin da malamai ke kira hirzi. Wurin da aka bari a buɗe aka yi wa kowa izinin shiga, wanda ya ɗauki abu a nan yana iya yin laifi, ana iya yi masa horo, amma ba a kaiwa ga hannunsa. Ya ce, “Kakanku bai iya canza hukuncin Allah ba, kuma bai so ba. Abin da yaƙ ƙi shi na a ce ga gidanai wani yaz zama ɓarawo. Kai kuma yau ka kira mutum da wanga suna a ƙohwar da anka cire don kar a kira shi.”

Baffa ya san abin da yake faɗa. Ya yi shekara da shekaru yana muhuti a kotu a Zurmi, yana zaune gefen alƙali yana buɗe littafi, kafin ya dawo gida ya zauna karantarwa. A zamaninsa ba a yanke hannu, Turawa sun hana tun tuni kuma ba a dawo da shi ba. Saboda haka mu labarin ya zame mana kamar tatsuniya. Har zolayarsa muke yi da muka girma, mu ce Baffa, yanzu fa ko an sa ƙyauren ba abin da zai faru. Sai ya ce mu bar shi da wautarsa. Duk daminar duniya kuwa sai an yi rigima a kan ƙofar nan. Awaki su shigo su yi kashi a kan tabarmi, feshin ruwa ya jiƙa baƙi, wani lokaci mahaukaci ya zo ya tare sati guda. Inna Ige ta yi ta mita, don ita ce mai shara. Baffa ya ce a rataya asabari, iyakar abin da ya yarda da shi ke nan.

Yana kwance ciwon ajali aka ba mu jiha. Na zo daga Shinkafi, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare, na tarar da gari ya cika da murna, yara na bin mota suna ihu mun rabu da Sakkwato. Yaya Bello da ke aiki a can aka ce za a dawo da su Gusau, har da ƙarin girma. Ya shigo yana gaya wa Baffa, bakinsa har kunne. Baffa ya saurare shi ya yi masa addu'a, sannan ya ce, “To madalla. Sabon gida an fi son a yi mai ƙyaure. Ku dai ku bar man tsohon.” Muka yi dariya. Bai kai ga cin tuwon sabon geron shekarar ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a bayan 'yan shekaru, ina cikin waɗanda suka yi kuka don farin ciki, kuma ba zan ɓoye ba. Na ga gidajen giya na bakin tasha an rufe, na ga matan da albashin mazajensu ya fara isowa gida. Na tabbata da Baffa na raye da ya sa babbar rigarsa ya tafi Gusau ko da a kan jaki ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantar da hukunce-hukuncen da bai taɓa ganin an yi aiki da su ba, ina zai zauna? Amma na san shi. Da ya dawo daga taron, abin da zai fara yi shi ne ya leƙa lungun hagu ya ga ko damin na nan. Mu ba wanda ya yi wannan tunanin. Wallahi ko ni da nake wannan rubutu bai zo mini a rai ba cewa tatsuniyar kakanmu ta tashi daga barci.

Sabuwar jiha tana neman abin da za ta nuna wa baƙi ta ce ga tarihinmu. Sai ga mutanen ma'aikatar al'adu daga Gusau da mota da kyamara, Yaya Bello na gaba yana nuna musu. Suka zagaya, suka shafa bango, suka ce wannan gida na alƙalin farko ya dace da lokacin da ake ciki, dole a sa shi cikin wuraren tarihi. Aka kafa allo a ƙofa da Hausa da Turanci da ajami. Mun ji daɗi, ƙarya ne in ce ba mu ji ba. Inna Ige da ba ta karanta boko sai da ta sa jikarta ta karanta mata shi sau da yawa. Daga nan suka ce a fito da kayan alƙali daga ɗakin ciki a jera a zaure don masu ziyara: littattafansa na hannu a gafaka, sandarsa, kurtun tawadarsa, da wata butar tagulla mai zane wadda aka ce da ita yake alwala. Suka yi alkawarin akwatin gilashi da mai gadi. Har yau suna hanya. Aka kafa katako aka jera kayan a kai, kuma don kar rana ta ci takardun, sai aka zaɓi wurin da haske bai cika kaiwa ba. Lungun hagu ke nan. Damin kuma aka ce a daina sa shi, yana jawo ɓera, ɓera kuma zai ci littafi.

Inna Ige ta yi magana, aka ce mata ai yanzu akwai hukumar zakka, mai bukata ya san inda zai je. Ta bar maganar. Tsohuwa ce, gidan kuma yanzu a hannun ɗanta yake.

Daminar bara, a watan nan da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, wani manomi mai suna Labbo ya taso daga Gurbin Ɓore. Matarsa ta haihu, ba abin da za a dama mata. Ubansa ya taɓa gaya masa cewa a Ƙaura akwai wani zaure da ba ƙyaure, in ka shiga ka dubi hagu, abin da ka gani na mai bukata ne, ba mai tambayarka. Ya zo da rana tsaka, ya wuce allon da bai iya karantawa ba, ya shiga ya dubi hagu. Ba dami. Sai buta tana ƙyalli. Ya ɗauka. Ranar kasuwar Shinkafi aka kama shi yana tayar da ita wajen masu kayan tagulla, don ɗaya daga cikinsu ya taɓa ganinta a gidanmu. Kafin labari ya kai kunnen Yaya Bello a Gusau, samari sun riga sun kai shi gaban hukuma.

Ba zan wanke Labbo tas ba. Ya ce shi abin da ubansa ya gaya masa ya bi, amma a cikin riga ya ɓoye butar, kuma bai sayar a Ƙaura ba sai da ya kai ta wani gari. Zuciyarsa ta san buta ba gero ba ce. Sai dai ni na gan shi ranar da aka fara zama a kotun Shinkafi, kuma ba zan manta ba. Ya amsa laifinsa tun ba a gama tambaya ba. Aka kira masana suka ce darajar butar ta wuce iyakar da ake yanke hannu a kanta nesa ba kusa ba. Kalmar haddi na fita daga bakin mai gabatar da ƙara, sai na ga Labbo ya sa hannunsa na dama a hammata ya matse, kamar mai jin sanyi. Na waiga na dubi Yaya Bello, wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai kaya.  Shi butarsa yake so ta dawo, bai taɓa kawowa a ransa abin zai kai nan ba, kuma magana ta riga ta wuce a ce an yafe.

Da muka koma gida na ba Inna Ige labari, sai ta tashi ta ɗauko mayafinta. Na ce ina zuwa, Inna? Ta ce, “Wurin alƙali. Malam ya mutu, amma ni ban mutu ba.” Matar da ƙafa ta hana ta zuwa ko suna a maƙwabta. Muka nemi motar mata muka kai ta a zama na gaba. Ta zauna a ƙasa can baya a cikin kotun, da aka ba ta izini ta ce, “Allah shi gafarta Malam, ni ban san karatu ba. Amma shekara hamsin ina share wanga zaure, ban taɓa ganin ƙyaure gare shi ba, ban taɓa jin an hana wani shiga ba. Ga lungun da yaɗ ɗauki buta, nan muka aje hatsi don a ɗauka. Mu munka canza abin da ad ciki, ba mu gaya ma kowa ba.”

Alƙalin nan, Allah ya saka masa da alheri, bai yi gaggawa ba. Ya ɗage zama ya taso da kansa har Ƙaura. Ya tsaya a ƙofar zauren ya dubi sama da ƙasa, ya sa yatsa a ramin da Baffa ke ajiye goro, ya kira dattawan unguwa ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun taɓa sanin ƙofar nan a rufe. Sannan ya juya ga Yaya Bello ya ce, akwai mai gadi ranar? Yaya ya ce babu. Akwai makulli a kan kayan? Babu. An taɓa shelanta cewa an janye izinin shiga? Yaya ya sunkuyar da kai. Da aka koma kotu alƙali ya ce wurin ba hirzi ba ne, haddi ya faɗi. Ya yi wa Labbo horon bulala da 'yan watanni, aka maido da buta. Mutumin ya fita da hannuwansa biyu.

Ranar na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na ce yau ga abin da kakanmu ya shuka ya tsiro, bayan shi da 'ya'yansa da jikokinsa duk sun zama ƙasa. Na ɗauka duk gidan darasi ɗaya muka ɗauka. Ashe a'a.

Ma'aikata ta ji labari ta ce ba za ta sa sunanta a wurin da kowa zai shiga ya ɗebi kayan tarihi ba. Ko a sa ƙyaure da makulli, ko a cire gidan daga cikin waɗanda za a gyara. Gyaran kuwa ba na ado ba ne. Azara biyu a rufin zauren gara ta cinye su, daminar da ta wuce sai da aka tokare da itace, bangon gabas ya tsage tun daga sama. Maginan da suka iya irin wannan rufin sun ƙare a Ƙaura, sai an ɗauko daga nesa, kuma duk danginmu in aka haɗa mu, malaman makaranta ne da 'yan fansho. Na ce da Yaya a maida kayan ɗakin ciki inda suke da, a sa musu ƙyauren can, a bar zauren yadda yake. Ya ce ya faɗa musu, sun ce zauren ne wurin tarihin, a nan baƙi za su ga kaya, ba za a riƙa kai maza cikin gida wurin mata ba.

Mun yi faɗa sosai, irin wanda ba mu yi ba tun muna yara. Na ce masa kunnen da Baffa ya murɗa ashe bai ji ba. Shi ma bai raga mini ba. Ya ce, “Ke kina Shinkafi a gidan siminti da ƙofar ƙarfe da sakata biyu, kina gaya mini a bar uwata a bayan ƙofar da ba ƙyaure. Kin san sau nawa aka tare hanyar nan bana? Zamanin Baffa mai yunwa ke shigowa, yanzu kin san wa zai shigo? In kuma rufin ya faɗo, sai ki zo ki tsare mini buɗaɗɗiyar ƙofa a kan tarin ƙasa.”  Ƙofar gidana ta ƙarfe ce, gaskiya ya faɗa. Kullum da kaina nake duba sakatar.

Wannan shi ne abin da nake ta juyawa a raina, me Baffa zai ce? Da can ina da tabbacin amsarsa a kan komai. Yanzu in na tuna tsagar bangon nan sai in ji kamar zai ce a ceci ginin, don shi ma duk shekara da hannunsa yake taya masu yaɓe. In na tuna Labbo da hannu a hammata kuma sai in ji muryarsa tana cewa ku bar man tsohon. Abu ɗaya dai na sani, shi da ya karanta littafin ba zai bari a ruɗe shi ba. Ranar da aka kafa ƙyauren nan aka murɗa makulli, zauren ya zama hirzi. Duk wanda yunwa ta koro daga Badarawa ko Kurya Madaro da labarin da ubansa ya ba shi, ya zo ya tarar a rufe, shaiɗan ya zuga shi ya ɓalle, to ba alƙalin da zai sake samar masa mafita. Ɗakin da aka cire wa ƙyaure don kar a yanke hannu saboda shi, shi ne zai zama dalilin yankewar, da sunan girmama wanda ya cire.

Ranar sadakar mutane sun cika, almajiran Baffa na da, maƙwabta, dangi daga Zurmi. Ina tsaye a bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida ina miƙa akussa, sai ga mutum ya yi sallama da dami a kafaɗa. Labbo ne. Ya rame, amma shi ne. Ya gaisa da jama'a, bai tambayi kowa ba ya nufi lungun hagu, ya ga katako da littattafai, sai ya jingine damin a ƙasa kusa da su. Ya ɗaga murya ya ce a gaya wa Inna gero ya yi kyau bana, ga na lungu ya kawo. Inna Ige na bayana, na ji ta ja numfashi.

Wuri ya yi kaɗan ga masu cin tuwo, ƙyauren ya tare inda za a shimfiɗa tabarma. Yaya Bello ya ce samari su zo su gusar da shi. Yana da nauyi, biyu suka kama suka kasa. Labbo da ke kusa ya tashi ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. Suka ɗaga. Ya dubi Yaya ta saman ƙarfen, da fara'arsa, don shi bai san na mene ne ba, ya ce, “Ranka shi daɗe, ina za a kai shi?”

 Na ga inda idon Yaya yake, a kan yatsun nan da suka riƙe ƙarfen, jan fenti ya shafe su. Su kuma suna tsaye da nauyi a hannu. Can dai ya ce a fitar da shi waje a jingine tukuna. Yaya ya fita bai ci tuwon ba.

Har na baro Ƙaura ƙyauren na nan a waje, ƙarƙashin allon ma'aikata. An ce magini zai zo in an gama sussuka. Ban san abin da Yaya zai yanke ba, kuma na san yana karanta wannan jarida, don haka ba zan yi kamar da wasu nake magana ba. Yaya, ban fi ka son Inna ba, ban fi ka son ginin ba, kuma ba ni da abin gyara rufin. In ka sa ƙyauren ba zan daina zuwa ba.

Amma na zauna na duba abin da Baffa ya bari bayan shekara bakwai. Littattafan ba wanda ke buɗe su a cikinmu, sun zama abin kallo. Almajiransa sun tsufa. Ramin goron ƙudan zuma sun yi gida a ciki. Ginin ma ko an gyara shi wata rana ƙasa zai koma, yadda mai shi ya koma. Abin da na gani da idona yana raye yana motsi, wanda zan iya nunawa in ce wannan Baffa ne ya tsare shi da faɗansa da taurin kansa, bai wuce hannu ɗaya ba. Yana Gurbin Ɓore a jikin wani manomi, da shi ya yanke geron bana, da shi ya ɗauko mana dami, da shi kuma ya taya mu ɗaga ƙyauren.

Allah ya jiƙan Baffa Sambo, ya sa kada a rufe masa ƙofa a inda ya tafi.